Dawo da launin kamfani a jikin babur

Duk wanda ya kai babur wurin mai fenti a Jos ya ce a mayar masa da shi ja kamar sabo, ya sani cewa jan da yake gani a tanki yau ba shi ne wanda ya fito daga kamfani ba. Jos na kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, rana tana dukan ƙarfe sosai, kuma jan fenti yana saurin koɗewa. Saboda haka nake ba da shawarar a ɗaga kujera ko a duba bayan murfin gefe, inda rana ba ta kaiwa, domin a can asalin launin yake. Wasu baburan Honda ma suna da lambar launi manne a jikin firam.

Abin da aka fi rainawa shi ne fentin shimfiɗa na farko, alhali ja a kan toka-toka yana fitowa da duhu, a kan fari kuma ya yi haske. Ni dai ba na yarda a taɓa tanki sai an fesa gwaji a guntun ƙarfe, ya bushe sarai, an kwatanta a hasken rana, domin ƙwan lantarkin shago yana ruɗar ido.