Abin da Gano Cutar Kumburin Tsoka Ya Koya Mini

Cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa tsoka ba su da yawa, shi ya sa akan daɗe ana lalube kafin a gano su. Babban darasin da aikin asibiti ya koya mini a kansu shi ne, wurin da raunin ya kama ya fi lambar da ke takardar gwaji bayyana gaskiya.

Tun daga 1975 likitoci sun daɗe suna dogara da ma'aunin gano cutar da likitoci biyu, Bohan da Peter, suka tsara, kuma a ƙarƙashinsa kusan duk mai raunin tsoka wanda sinadarin CK, da ke fita daga tsoka idan ta lalace, ya hau a jininsa, ba kuma ƙuraje a fatarsa, akan ce polimayositis gare shi, wato kumburin tsokoki da yawa. Daga baya aka gane cewa sunan nan ya tattaro cututtuka daban-daban. Misali, nau'in da ake kira IBM, wanda ya fi kama waɗanda suka haura shekara 50, yakan raunana tsokar gaban cinya da masu lanƙwasa yatsu, kuma ba ya jin maganin siteroid. Idan aka ce wa majinyaci ya dunƙule hannu, aka ga ƙarshen yatsunsa sun kasa shiga tafin hannu, to ya kamata a dakata kafin a ɗora shi kan siteroid, maganin da zai iya lalata masa ƙashi a banza.

Ma'aunin 2017 na EULAR da ACR, ƙungiyoyin likitocin cututtukan gaɓoɓi na Turai da Amurka, ya gyara abubuwa da dama, sai dai a ganina ya gaza a wuri ɗaya, domin daga cikin gwaje-gwajen jini da ke gano sinadaran garkuwar jiki masu afka wa jiki, na wanda ake kira anti-Jo-1 kaɗai ya ɗauka. Alhali kuwa anti-MDA5 kan zo da ciwon huhu mai saurin tsananta ko da tsokar ba ta yi rauni ba, anti-TIF1-gamma na nuna a binciki sankara, anti-HMGCR kuma na da alaƙa da maganin rage kitsen jini na sitatin.

Fata ma tana buƙatar ido mai natsuwa, domin ƙurajen gaɓoɓin yatsu da na fatar ido, waɗanda littattafai ke nunawa jajaye, a baƙar fata sukan fito ne kamar duhu-duhu kawai. Haka nan hawan ALT da AST, sinadaran jini da aka saba auna lafiyar hanta da su, kan sa a yi ta binciken hanta, alhali a irin waɗannan majinyata sau da yawa daga tsoka suke fitowa, kuma gwajin CK guda ɗaya ya isa ya warware wannan ruɗani.