Tarihin Rayuwata a Fagen Gudu, Kashi na 11: Makonni Ukun Ƙarshe Kafin Tsere

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu bibiyar wannan tarihi. A makon jiya mun tsaya a lokacin da na koma shirya matasa a nan Garwa domin gudun fanfalaki da tseren Dutsen Kamaru. Da yawanku kun tambayi yadda shirin yake a aikace, don haka yau zan ajiye labari gefe in shimfiɗa aikin kansa, musamman makonni ukun ƙarshe, domin a cikinsu ne na fi ganin wahalar wata huɗu tana zubewa a banza.

Gudun fanfalaki kilomita 42 ne da mita 195, tsawon da aka gada daga wasannin Olamfik na Landan a 1908. Akwai waɗanda suka zarce haka, irin tseren Comrades na Afirka ta Kudu da ake yi tun 1921 tsakanin Durban da Pietermaritzburg, kusan kilomita 90, wanda dole a gama shi cikin awa 12. Namu na gida, na Dutsen Kamaru da ake yi a Buya tun 1973, galibi a watan Fabrairu, bai kai kilomita 42 ba. Amma daga filin wasa na Moliko ake tashi a hau har ƙololuwar dutsen, wadda ta haura mita 4,000 daga matakin teku, a sauko, kuma gwanaye ma sukan ɗauki fiye da awa huɗu. Shi ya sa nake shirya mai zuwa can da tsarin masu dogon zango. Sarah Etonge, wadda ake kira Sarauniyar Dutse, sau bakwai ta lashe shi, kuma duk wanda ya taɓa saukowa daga wannan dutse ya san girman abin da baiwar Allah nan ta yi.

Shirin yana ɗaukar mako 16 zuwa 20, ga wanda dama yake yin kilomita 30 ko 40 a mako ba tare da ciwo ba. Kashi huɗu cikin biyar na gudun a hankali ake yinsa, yadda za ka iya hira da na kusa da kai ba haki. Wannan shi ne abin da ya fi yi wa matasanmu wuya. Da an haɗu da asuba a bakin filin wasa na Rumde Ajiya sai kowa ya so nuna ƙarfinsa, atisaye ya koma gasa, a kwana biyu jijiyar agara ta kumbura ko ƙwauri ya fara zogi. Ƙarin nisa kada ya wuce kashi 10 cikin 100 a mako, kuma kowane mako na huɗu a rage a bar jiki ya huta. Sau ɗaya a mako ake dogon gudu, ana ƙara kilomita biyu-biyu har a kai 30 ko 32, kada a zarce awa uku sosai, domin abin da ya wuce nan gajiyarsa ta fi amfaninsa. Mai shirin kilomita 60 zuwa sama ko mai shirin dutse, gara ya raba: awa uku ranar Asabar, awa biyu ranar Lahadi a kan gajiyar jiya.

Mutanenmu na arewa hawa suke tsoro, alhali gangara ce take karya su. A wajen sauka, tsokar gaban cinya ce ke taka burki a kowane taku, tana miƙewa tana ɗauke da nauyin jiki, kuma wannan ne ke yayyaga ta. Wanda bai saba ba, kafin ya kai rabin sauka cinyoyinsa sun daina yi masa biyayya. Maganin shi ne a koyi sauka tun da sauran lokaci. Mu a Garwa muna da dutsen Tingilin, mutanen Marwa ga duwatsu kewaye da su, na Ngaundare kuwa sun fi kowa sa'a, tunda garin nasu a kan tudu yake, sama da mita 1,000. Sau ɗaya a kwana goma ya isa: a hau da tafiya mai ƙarfi, hannu a kan gwiwa, a sauko da gajerun taku masu sauri, jiki ya ɗan karkata gaba. Ciwon cinya yakan tsananta a kwana na biyu, sannan ya lafa, kuma bayan karo biyu ko uku tsokar takan saba. Sauka mai tsanani ta ƙarshe a yi ta saura mako uku. Wanda ya yi ta saura mako ɗaya, da ciwon zai shiga tsere.

To, ga makonni ukun. Duk atisaye mai nauyi yana barin ƙananan raunuka a tsoka, yana kuma ƙarar da sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta. Ƙarfin da ake nema yana zuwa ne bayan jiki ya gyara wannan ɓarna, kuma yakan ɗauki wajen mako biyu kafin amfanin aiki mai nauyi ya bayyana. Ke nan duk wahalar da aka sha saura kwana goma, gajiyarta ce kawai za ta riski ranar tsere. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda zazzaɓi ko hidima ta sa ya rasa dogon gudu biyu a watan Disamba, ya haƙura da su, kada ya ce zai rama a ƙarshe.

Ga yadda ake sassautawa, da misalin wanda ya kai kilomita 70 a makonsa mafi nauyi. Dogon gudu na ƙarshe, kilomita 30 zuwa 32, saura kwana 21. A makon da ya biyo baya ya sauko zuwa wajen 55, dogon gudunsa 22 ko 24. Mako na biyu ya sauko zuwa 40, dogon gudunsa 14 zuwa 16. Makon tsere kuwa 20 zuwa 25 sun isa, ban da tseren kansa. Nisa ake ragewa. Yawan ranakun fita kusan yadda suke za a bar su, sauri ma a riƙe shi. Idan kana fita sau biyar a mako, ka ci gaba da fita huɗu ko biyar, a gajarce. Saura kwana goma ka yi kilomita 6 zuwa 8 a daidai saurin da kake nufin yi ranar tsere. Mai neman gama gudun fanfalaki cikin awa huɗu, saurinsa minti 5 da daƙiƙa 41 ne a kowace kilomita, mai neman awa uku da rabi kuma kusan minti 5 cif. Saura kwana huɗu ko biyar, kilomita ɗaya-ɗaya sau uku a wannan saurin, da hutun minti biyu a tsakani. Jajibirin tsere, minti 15 ko 20 a hankali, ko hutu gaba ɗaya ga wanda ya fi jin daɗin haka.

Kuskure iri biyu ake yi. Wani ya ƙi ragewa don tsoron ƙarfinsa zai gudu. Wani kuma da ya ji an ce hutu sai ya kwanta mako biyu cur, ranar tsere ƙafafu su yi masa nauyi, numfashi ya ƙi daidaita. Na farkon ya fi yawa a cikinmu, kuma ina jin tausayinsa, domin ƙwazo ne ya kai shi.

Ƙannena, ku sani cewa wannan lokaci yana da nasa waswasi. A mako na biyu ƙafa takan yi nauyi, gwiwar da ba ta taɓa ciwo ba ta fara ƙaiƙayi, barci ya ƙi zuwa, mutum ya riƙa faɗa da iyalinsa ba dalili. Ciwon da ke yawo daga nan zuwa can, ya ɓace da zarar jiki ya ɗumama, ba abin damuwa ba ne. Wanda ke wuri ɗaya a kan ƙashi, ana danna shi da yatsa ya amsa, yana ƙaruwa da gudu, wannan a je asibiti. Abin da na ga yana kwantar da hankali shi ne littafin atisaye. Tun makon farko a sayi ƙaramin littafi a riƙa rubuta nisa, lokaci, da yadda jiki ya ji. Ranar da zuciya ta ce ba ka shirya ba, ka buɗe ka karanta abin da ƙafarka ta riga ta yi. Shi ne kuma ke riƙe mutum a tsakiyar shiri, lokacin da ɗokin farko ya wuce, sanyin hunturu ya sa tashin asuba ya zama aiki. A irin wannan lokaci abokin gudu da zai ƙwanƙwasa maka ƙofa bayan sallah ya fi agogo mai tsada amfani. A riƙa ƙirga bugun zuciya da safe kafin a tashi daga shimfiɗa. Idan ya haura yadda aka saba da bugu 8 ko 10 kwana biyu a jere, jiki na neman hutu ko ciwo na tafe. Mai zazzaɓi ba ya gudu, ko da ranar tsere ce. A gwada jini a ga ko na cizon sauro ne.

Sai abinci. Sukarin da jiki ke iya ajiyewa bai wuce giram 500 zuwa 600 ba, kuma shi ya sa mutane da yawa ke durƙushewa tsakanin kilomita 30 da 35. Kwana biyu kafin tsere ake cika ajiyar, da giram 8 zuwa 10 na sitaci da sukari ga kowane kilo na nauyin jiki a rana. Mai kilo 60 zai buƙaci giram 480 zuwa 600. Wannan da yawa ne, ba ya shiga a zama ɗaya. A rarraba shi: kunu da burodi da safe, shinkafa da rana, taliya ko tuwon shinkafa da dare, ayaba da dabino da shayi mai sukari a tsakani. A rage mai, a rage yaji, a bar wake da ganye mai yawa da tsire sai bayan tsere, domin su ne ke tayar da ciki a hanya. Nauyi zai ƙaru da kilo ɗaya ko biyu, saboda kowane giram na sukarin da aka ajiye yana riƙe wajen giram uku na ruwa. Alama ce mai kyau, kada a ce an yi ƙiba a rage ci. Ranar tsere a karya kumallo saura awa uku da abin da aka saba.

A cikin tseren, giram 30 zuwa 60 na sukari a kowace awa, mai dogon zango da cikinsa ya saba yana iya kaiwa 90. Ƙaramin dabino ɗaya yana da wajen giram 5 ko 6. Ruwan haɗi na gida: lita ɗaya, sukari giram 60, gishiri kusan rabin ƙaramin cokali. A fara ci tun minti 30 ko 40 na farko, kada a jira yunwa. Ruwa kuwa tsakanin mililita 400 da 800 a awa, gwargwadon zafi da girman jiki. Mai son sanin nasa ya hau sikeli kafin gudun awa ɗaya da bayansa: kowane kilo da ya ragu lita ɗaya ce ta zufa, a haɗa da abin da aka sha. Ɗirkar ruwa zalla fiye da ƙima ma haɗari ne, yana tsinka gishirin jini, ya kawo ciwon kai da amai da ruɗewa. Duk wannan a dogon gudu na watannin baya ake gwada shi.

Akwai abin da ya shafe mu mu kaɗai. Shirinmu yana faɗowa cikin hunturu, iska a bushe, zufa na bushewa nan take. A Buya kuwa ƙasan dutsen da danshi, zufa ba ta bushewa, samansa kuma sanyi da iska. Jiki yana buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da zafi, don haka a makonnin sassauci a mayar da wasu gajerun gudu zuwa hantsi, minti 30 ko 40 a hankali, da ruwa a hannu. Tafiyar ma aiki ce: mota zuwa Ngaundare, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, sannan wata motar. A isa saura kwana biyu ko uku, a miƙe ƙafa a duk inda aka tsaya. Azumi kuma yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, yanzu ya shigo Fabrairu. Idan sassauci ya faɗo cikinsa, gajeren gudu saura minti 40 a sha ruwa, mai ɗan sauri kuma bayan asham.

Takalmi kada ya zama sabo. A sa wanda aka yi kilomita 50 zuwa 100 da shi, har da dogon gudu ɗaya, da sararin faɗin babban yatsa a gaba, domin ƙafa na kumbura kuma a gangara farce na bugun hancin takalmin. Mai sayen na gwanjo ya matsa tafin da hannu, idan ya mutu ba ya dawowa ya bar shi. A yanke farce saura kwana huɗu, a shafa man kaɗanya a hammata da matsematsi da kan nono.

Magana ta ƙarshe a yau ina roƙonku da ita don Allah. Kada a sha magungunan rage ciwo na ibuprofen ko diclofenac kafin tsere ko a cikinsa. Suna rage jinin da ke zuwa ƙoda a daidai lokacin da zafi da rashin ruwa suka riga suka matsa mata. Tramol kuwa yana ɓoye ciwon da ya kamata ya tsayar da mutum, yana iya kawo jiri da farfaɗiya, kuma tun Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa. Wanda ya ga fitsarinsa ya koma launin baƙin shayi bayan tsere, ko ya ƙi fita gaba ɗaya, kada ya kwana a gida, ya tafi asibiti a duba ƙodarsa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga ranar tseren kanta, tun daga yadda ake raba ƙarfi a kilomita goma na farko.