Maɓallin muryar rediyon mota: yadda na buɗe nawa na gyara a Garwa

Rediyon da ke cikin motata ba shi ne na asali ba. Carina E ce ta hannu da ta shigo ta Duwala, mai ita na farko ya sa mata irin wanda ake ɓalle fuskarsa a jefa a aljihu, mai cin filas. Lafiya lau yake aiki har zafin bara, sannan maɓallin murya ya fara taurin kai. Ka murɗa dama don ƙarawa, lambar da ke kan gilashi ta sauko daga 12 zuwa 9, ta yi tsalle zuwa 20, ta sake dawowa. In ka bi shi a hankali wani lokaci ya ji magana, in ka yi sauri sai abin da ya ga dama. Duk mai bin hanyar Garwa zuwa Marwa ya san wannan ba wasa ba ne: kana kauce wa rami da manyan motocin da suka nufi Kuseri, hannu ɗaya kuma yana kokawa da rediyo.

Abokai suka ce in sayi sabo in huta. Ni kuwa na ga wauta ce a jefar da rediyon da sautinsa ke fita tas saboda abin da bai fi ƙwayar gyaɗa uku ba. Na ɓalle fuskar na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a gefen babbar kasuwa.

"Baba, barka da aiki. Murya ce ta ƙi bin umarni."

Bai ma karɓa ba. Ya ce, "Ɗana, in ka murɗa yana da iyaka, ko zagayawa yake yi ba tsayawa?"

Na ce zagayawa yake, yana ɗan ƙas-ƙas a hannu.

"To ba rediyonka ba ne ya lalace. Datti ne. Kana da rimot ɗinsa? Je ka gwada."

Na gwada, rimot na ƙara murya yana ragewa daidai, ɗaya bayan ɗaya. Wannan gwajin shi ya kamata kowa ya fara yi, don shi ke raba gardama. Da a ce sauran maɓallan ma suna shirme, ko gilashin yana ɗaukewa, sai a zargi jerin haƙoran ƙarfen da ke bayan fuskar, inda take haɗuwa da jikin rediyo. Su gogewa kawai suke so.

Tambayar Baba tana da dalili. Maɓallin murya iri biyu ne. Na tsohon yayi, irin na rediyon kaset, yana da farko da ƙarshe. A cikinsa akwai layin gawayi da wani ɗan harshen ƙarfe ke bi, kuma sautin kansa ta nan yake wucewa. Shi in ya yi datti ƙarar-ƙarar za ka ji a sifika, ko gefe ɗaya ya ɗauke. Na zamani, wanda masu gyara ke kira inkoda, sauti ba ya bi ta cikinsa ko kaɗan. Saƙo kawai yake aikawa. Yana da maƙunnai biyu ƙanana, ɗaya na riga ɗaya taɓawa da ɗan ƙanƙanin lokaci. In na farko ya riga, ƙwaƙwalwar rediyo ta san dama ka murɗa, ta ƙara. In na biyu ya riga, ta rage. To idan datti ya hana ɗaya taɓawa a kan lokaci, ko ya sa shi taɓawa yana saki, sai ta karanta abin a juye. Shi ya sa kake ƙarawa tana ragewa, kuma shi ya sa saurin murɗawa ke ƙara dagula lamarin.

Dattin kuma ba daga nesa yake zuwa ba. Masu ƙera abin suna sa giris a jikin sandar don murɗawa ta yi laushi. Motar da ta wuni a rana a Garwa cikin Maris ko Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, cikinta ya fi haka nesa ba kusa ba. Giris ɗin ya saki ya gangara kan maƙunnan, ƙurar hunturu ta zo ta same shi a can.

Na fara da hanya mai sauƙi. Na zare hular maɓallin, ja kawai ake yi, na ɗiga alkol na farmasi mai digiri 90 a gindin sandar, na yi ta murzawa hagu da dama. Ya gyaru, amma bai daɗe ba ya koma gidan jiya, don ruwan ya motsa dattin ne bai fitar da shi ba. Kada kuma wani ya ba ka shawarar fesa man nan na kwance noti mai tsatsa. Maiƙo yake bari, maiƙo kuwa shi ne abokin ƙura.

Sai na shimfiɗa farin ƙyalle a kan faranti, na kashe fanka. Ƙananan sukurori ne a bayan fuskar, sai 'yan maƙalai na roba a gefe da ake bi da farce a hankali. Tunda fuskar a hannuna take, ban taɓa batirin mota ba. Wanda nasa sai an zaro rediyon gaba ɗaya, ya fara cire wayar batir ta gefen da ke da alamar ragi, kuma ya tabbatar ko rediyonsa na neman lambar sirri bayan an yanke masa wuta. Wasu na asali da ke zuwa da motocin Turai haka suke, in ba ka da lambar sai ka zauna da kurman rediyo.

Inkodar tana zaune a kan allon lantarkin da ke cikin fuskar, 'yan kunnuwan ƙarfe huɗu sun riƙe murfinta. A nawa bakin allura na kai musu ba sai an narka dalma ba. Na miƙar da su, na ɗaga sandar da hantsaki. A ƙasanta akwai ɗan faifai mai zanen ƙarfe tsaga-tsaga, ga kuma 'yan yatsun ƙarfe sirara da ke gogarsa. Zanen da ya kamata ya yi ƙyalli ya koma baƙi-baƙi, yana danƙo. Na naɗa auduga a tsinken sakace, na jiƙa da alkol, na bi tsaga ɗaya-ɗaya. Audugar farko ta fito baƙi ƙirin. Sai da na ga ta fito fara na tsaya. Yatsun kuma na ɗan ɗaga su da allura, kaɗan ƙwarai, don shekaru sun kwantar da su. Nan ne wurin da hannu ke rawa: in ɗaya ya karye, magana ta ƙare. Giris ɗin da ke can saman sandar ban taɓa shi ba, shi ke hana maɓallin yin sako-sako.

Na bari ya bushe, na mayar, na lanƙwasa kunnuwan. Su ma ba sa jure buɗewa da rufewa sau da yawa. Da na maƙala fuskar, kowane ƙas ɗaya lamba ɗaya, sama ko ƙasa.

Na koma na gaya wa Baba. Ya yi dariya ya ce na cinye masa kuɗin cefane, sannan ya jawo wata gwangwanin madara cike da inkodojin da ya ciro daga matattun rediyo. Ya ce in ta sake yi, faifan ne ya cinye, sai canji. Ya ce kafin in zo neman canjin, in ƙirga ƙas nawa take yi a zagaye ɗaya, don akwai mai 20, akwai mai 24, akwai mai 30. In duba tsawon sandar, da ko gefenta ɗaya a shafe yake ko zara-zara ce, da ko ana danna ta. Mai dannawa ƙafa biyar gare ta, uku a gefe ɗaya biyu a ɗayan, ban da manyan biyun da ke riƙe ta a allo. In kuma an sa sabuwa ta zo tana yi a juye, ba lalatacciya ba ce, ƙafafu biyun da ke gefe da gefe a cikin ukun nan ake musanyawa, ta tsakiya a bar ta inda take.