Zaren gilashi a hannun masu shi

Sana'armu ita ce shimfiɗa wayar faiba, wato zaren gilashi da ke ɗaukar bayanan intanet ta hanyar haske, da haɗa ta, kuma yawancin aikinmu a jami'o'i da kwalejoji muke yin sa. Abin da nake faɗa wa duk shugaban sashen kwamfuta da ya kira ni shi ne: Ranka ya daɗe, ku mallaki wayarku. Idan layin da ya haɗa ɗakin karatu da ɗakunan gwaje-gwaje da asibitin koyarwa naku ne, ranar da kuke son ƙarin gudu sai ku canja na'urorin da ke bakinsa biyu kawai, gilashin yana nan a ƙasa. Jami'o'in Poland sun gane haka tuntuni, suka shimfiɗa dubban kilomita na kansu ƙarƙashin shirin PIONIER. Mu nan Najeriya an ƙaddamar da NgREN, shirin haɗa jami'o'i da layin sadarwa, a 2014 da jami'o'in tarayya 27, amma ko an kawo layi har bakin ƙofa, in cikin gida ba a gyara ba, ɗalibi bai ga komai ba.

Zaren nan kaurinsa maikuron 125 ne (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), hanyar da haske ke bi a tsakiyarsa kuwa kusan 9 kacal. Za ka feɗe rigarsa, ka goge da sifirit har sai ya yi ƙara a tsakanin yatsunka, ka yanke bakinsa tsaf, sannan ka kwantar da shi a injin haɗi, wuta ta narkar da bakunan biyu su zama ɗaya. Maigidan da ya koya mini bai bari na taɓa injin ba sai da na haddace launuka 12 da ake bambance zarurrukan da su a jere, daga shuɗi zuwa na ƙarshe, kamar yaro na biya allo. Da hunturu kuwa a cikin mota muke haɗi, gilasai a rufe, gumi na zuba, domin ƙwayar ƙura guda ta isa ta lalata aikin. Har yau haka nake yi wa yarana. Duk haɗin da asarar haskensa ta haura 0.1 dB (ma'aunin raguwar ƙarfin haske), a karya a sake, ko da magariba ta yi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne 'yan kwangilar arha. Su tona rami iya taki ɗaya, su jefa waya ba bututu, ba ƙyallen gargaɗi a sama, ba taswira, su karɓi kuɗi su ɓace. Damina ɗaya ruwa ya tone ta, ko katafila ta tsinke ta, ko ɓarayi su sare suna zaton akwai tagulla a ciki. Sai a kira mu gyara, kuma a ce farashinmu ya yi tsada!

Mu ba ma barin wuri sai mun auna kowane zare da na'urar OTDR, mai nuna inda haske ke raguwa ko zare ya yanke, daga ɓangarorin biyu, mun miƙa sakamakon a rubuce tare da taswirar kowane ramin duba. Sannan mu zaunar da ma'aikatan makarantar mu nuna musu yadda ake karanta zanen da na'urar ke fitarwa, su iya gane cewa yankewar tana mita kaza daga ɗakin na'ura. Wasu abokan sana'a na cewa ina koya wa kwastoma abin da zai hana shi nemana. Ina sane, kuma duk makarantar da ta ba mu aiki, horon ma'aikatanta na cikin yarjejeniya tun daga farko.