Hunturuna na Farko a Ɗakin Jinyar Tsofaffi

Na sauka a Ingila a ƙarshen shekarar 2022 da bizar ma'aikatan lafiya, bayan na ci jarrabawar Turanci da ta kwamfuta waɗanda hukumar NMC, mai yi wa ma'aikatan jinya rajista a Birtaniya, ke gindaya wa nas ɗin da ta yi karatu a waje. Ya rage jarrabawar OSCE, wadda ake yi a aikace a gaban masu sa ido, kuma kafin in haye ta, duk da shekarun da na yi ina jinya, ba ni da ikon miƙa wa majiyyaci ko ƙwayar magani ɗaya. Wannan ya fi ci mini rai a kan sanyi da duhun da ke rufawa tun ƙarfe huɗu na yamma.

A watan Disamban nan ne ƙungiyar ma'aikatan jinya ta RCN ta shiga yajin aiki na ƙasa, irinsa na farko a tarihinta na sama da shekara ɗari, ga mura ta cika gadaje da tsofaffi. Kowa a gajiye yake, amma shugabar ɗakinmu ba ta taɓa ɗaga murya ba. Abokan aiki suna kiran ta da sunanta kai tsaye, ni kuwa bakina ya kasa, Sista nake ce mata har yau.

Makonni kaɗan bayan na haye OSCE na sami lambar rajista, ina aikin dare na awa goma sha biyu, na yi wa wani dattijo allurar insulin, sannan hidimar wasu ta ɗauke mini hankali har lokacin sake auna sugansa ya wuce. Na tarar da shi ya jiƙe da gumi, yana magana a ruɗe. Muka ba shi sinadarin gulukos, Allah ya sa ya farfaɗo, ni kuma na tsaya jikina yana rawa, ina ganin aikina da bizata sun tafi tare.

Da safe Sista ta ja ni gefe, tambayarta ta farko ita ce, "Yaushe rabonki da ki zauna?" Na ce tun da na karɓi aiki. Ta zauna muka cike rahoton kuskuren tare, ba ta rage komai daga laifina ba, ta kuma rubuta cewa na yi daren ba hutu, sannan ta raka ni na yi wa dattijon da 'yarsa bayani. A da na ɗauka juriya ita ce mutum ya haɗiye gajiya ya yi shiru, musamman baƙon da ke tsoron a ce bai iya ba, alhali shirun nan ne ya kusa halaka bawan Allah.

Yanzu ni ma akan ba ni ragamar ɗakin a wasu darare. Da zarar an miƙa mana aiki, nakan rubuta lokacin hutun kowa a allo, in kuma karɓi gadajen sabuwar zuwa da kaina har ta dawo.