Kat-kat ɗin da ta cinye min kakar gyaɗa

Yanzu duk wanda ya zo min da maganar zai sayi kat-kat, wato jif mai ja da taya huɗu, ba na tambayarsa nawa ya tanada ko wace kala yake so, abu ɗaya nake tambaya: in ta mutu maka tsakanin Mora da Waza, can arewacin Kamaru, wa zai iya taɓa ta? Wasu sai su yi dariya, suna ganin kamar mugun baki nake musu. Wallahi ba mugun baki ba ne, ni dai har yau in na tuna kakar da mota ta sa na rasa sai in ji abu ya tokare min a ƙirji.

Hatsi nake saye, gyaɗa da masara da waken soya, daga Ngong da ƙauyukan wajen Tuboro in tara a Garwa, wani kayan ya wuce Kuseri da Njamena. Ka ga ke nan mota a wajena ba ta zuwa ɗaurin aure ba ce kawai. Sai aka nuna min wata jif 'yar Turai da ta shigo ta Duwala daga Beljiyam, injin gazuwal, wato dizal, ƙirar 2012, kujerun fata, klim mai sanyaya mota kamar ka nemi bargo a watan Afrilu. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba don ba faɗa na zo yi da kowa ba, kuma a ƙasarsu ba ta da laifi. Ƙanen matata da ke Faransa har ya turo min irin jerin nan da ake jera motoci daga wadda ba ta ba da matsala zuwa mai ba da ciwon kai, ga tawa can wajen sama. Kuma ba ƙarya suka yi ba, shi ne ma abin da ya fi ƙona min rai. Na daɗe ina hawanta ban san ƙofar gareji ba in ban da juyen mai.

Amma ka san yadda ake haɗa irin wannan jerin? Kamar J.D. Power na Amurka, masu motoci suke tambaya bayan motar ta shekara 3, su ƙirga matsala nawa aka samu a cikin mota 100. Wayarka ta ƙi haɗuwa da allon mota, matsala ɗaya ce, an rubuta. A Jamus kuma ƙungiyar masu motoci ta ADAC kusan kullum rahotonta batir ne kan gaba wajen tsayar da mutane a hanya, kuma can in ka tsaya waya kawai za ka buga motarsu mai ruwan ɗorawa ta zo ta same ka. Babu wanda ya tambayi mai motar ko gazuwal ɗin da ya sha daga jarka aka tsiyaya masa, babu layin da aka ware don rubuta sati nawa motar ta yi a ƙarƙashin darbejiya tana jiran kaya daga Dubai. Sau nawa ta lalace suke ƙirgawa. Ni kuwa sau ɗaya tak tawa ta lalace.

Ƙarshen damina ne, zan je Njamena karɓo kuɗina a hannun masu bashi in dawo in shiga kasuwa kafin gyaɗa ta tashi. Wanda ya san hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kuseri, kilomita 200 da 'yan kai, ba sai na ba shi labarin yadda take bayan ruwa ba. Ramuka da kewaye-kewaye suka sa motar ta sha mai fiye da lissafina, na tsaya na ƙara jarka biyu a bakin hanya kamar yadda kowa ke yi, kamar yadda na yi shekaru ina yi da tsohuwar motata ba abin da ya taɓa faruwa. Ba mu yi nisa ba wata fitila ta kama a tablo, motar ta ƙi ɗaukar wuta, ka taka totur har ƙasa amma tana tafiya kamar an riƙe ta ta baya, can sai ta yi shiru. Ba ƙara, ba hayaƙi, ba ɗigon mai a ƙasa, babu abin da ya karye da ido zai gani. Kuma tun wajen 2013 da 2014, saboda Boko Haram, kowa ya san wannan hanya ba wurin da mutum zai so la'asar ta riske shi a tsaye ba ne, yaron da ke tare da ni sai salati yake yana leƙen daji.

Wani direban babbar mota, Allah ya saka masa da alheri, shi ya ja mu zuwa Mora. Dattijon bakaniken da aka kai ni wajensa ya ɗaga kapo, ya tsaya yana kallon murfin robar da ya rufe injin gaba ɗaya, ya mayar ya rufe. Ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, wannan ba ta sifana ba ce, ta kwamfuta ce. In na sa hannu zan ƙara maka asara." Na ce, "Baba, ko dabara babu, ta kai ni Marwa kawai?" Ya ce, "Ɗana, dabara ai sai inda ido ke gani." A lokacin haushinsa na ji, yanzu kuwa ina ganin duk cikin waɗanda suka taɓa motar nan shi kaɗai ne bai ci kuɗina a banza ba.

A Marwa aka samu mai na'urar, ya jona, ya ce ƙarfin mai ya faɗi. Da aka kwance filta sai ga garin ƙarfe yana ƙyalli a ciki. To a nan ne aka yi min karatun da da an yi min shi tun a Duwala da ban kai hannu aljihu ba. Injin gazuwal na zamani famfonsa yana matsa mai da ƙarfin da ya kai bar 1,600 ko fiye, alhali tayar mota bar 2 zuwa 3 ake hura mata, kuma gazuwal ɗin kansa shi ne man da ke sa ƙarafan cikin famfon su yi santsi. In an surka shi da kalanzir ko ruwa ya shiga, santsin ya tafi, famfo ya fara cin kansa, garin ƙarfen kuma ya bi bututu ya shiga injekta duka, wato masu fesa mai cikin inji, ya koma har tanki. Wato ba famfo kaɗai za ka canja ba, famfo ne da injekta da wankin tanki da bututai, kuma sababbin injekta ɗin ma sai an shigar wa kwamfutar motar lambobinsu kafin ta yi aiki da su daidai. Ga kuma tukunyar tace hayaƙi da ke ƙarƙashinta, wadda aka yi don gazuwal ɗin Turai da tun 2009 farar wutar da ke cikinsa ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan, ita ma mai na'urar ya ce ta kusa toshewa, ko da wannan bai faru ba tana nan tafe.

Kuɗin gyaran ya yi zafi amma ba shi ne ya kashe ni ba. Jira ne. Babu kayan a Marwa, babu a Garwa, na aika Yola da Kano babu, Duwala aka ce akwai aka turo, da ya iso ashe na wani injin ne mai kama da nawa don lambar shasi ta bambanta, aka mayar, aka koma Dubai. Ni kuma ina ta bin motocin haya da babura, ƙauyen da a da nake isa da hantsi in sayi kaya a hannun manomi yanzu sai na tarar wasu sun riga ni sun ɗaure buhuna. Kuɗina na Njamena bai zo hannu da wuri ba, wanda ya zo kuma ya tafi Dubai. Kafin motar ta tashi gyaɗa ta yi tsadar da ba riba a sayenta. Sau ɗaya fa! A takardar Turawa wannan mota ce mai kyau, matsala ɗaya a shekara.

Yanzu Land Cruiser 105 nake hawa, tsohuwa, ta fi waccan da wajen shekara goma, na saye ta hannun wanda ya saya a gwanjon wata ƙungiyar agaji. Injin 1HZ ne, lita 4.2, silinda 6, ba turbo, ba kwamfutar da ke ba famfo umarni, tun 1990 ake yinsa kuma har 'yan shekarun nan ana kawo sababbin motoci Afirka da shi. Abin mamakin shi ne in ƙirga za a yi irin ta J.D. Power, wannan ta fi waccan shiga gareji nesa ba kusa ba, tsufa ne da ramuka: yau roba ta cinye, gobe tiyon ruwa yana zufa, jibi gilashin ƙofa ya ƙi hawa. Amma ban taɓa kwana a hanya saboda ita ba. In ta sha mai marar kyau fitilar ruwa ta kama, ka kwance ƙasan filta ka zubar da ruwan, ka danna famfon hannu da ke samansa har ya yi tauri, ka tayar ka wuce. Tana faɗa maka ciwonta tun da wuri, da ƙara ko da hayaƙi ko da wari, kuma tana ci gaba da tafiya da ciwon har ka isa gari. A Gidar, a Figil, a Tuboro, a Kuseri, duk inda ka tsaya akwai yaron da ya taɓa kwance irinta, akwai shagon da ke da kayanta sabo ko na hannu. Rahoton da na fi yarda da shi yanzu shi ne in shiga layin masu kayan mota in ambaci sunan mota, in mai shago ya miƙa hannu kan kanta bai tashi daga kujera ba to shi ke nan, in kuwa ya ce "bari in kira Duwala" na gane.

Mutanen Njamena kuwa in ka tayar da wannan magana sai su kawo maka 1987, yadda sojojin Cadi a kan Toyota buɗaɗɗu suka tarwatsa tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum, har duniya ta sa wa yaƙin sunan motar. Gaskiya ne, amma kar sunan ya ruɗe ka, motocin wancan lokacin ne. Hilux da Prado na yanzu da yawansu su ma injin zamani ne mai matsa mai da ƙarfi, su ma ba sa wasa da gurɓataccen gazuwal, bambancin dai kayansu na kusa kuma kanikawanmu sun fara sabawa da su. Don haka sunan inji za ka tambaya ba sunan da ke manne a bayan mota ba. In injin zamani ne, sa a ƙara maka filta ta biyu mai raba ruwa da mai kafin ka bar gari, ka cika tanki a gidan mai, ka ɗauki jarkarka ta kanka. Abin da bai wuce kuɗin buhunan gyaɗa kaɗan ba, da an faɗa min, da kakata ba ta tafi ba.

Sai taya, wadda ba wanda ke dubawa ranar saye. Waccan inci 19 ce, siririyar roba, rami ɗaya ya tsaga gefenta mai faci ba abin da zai iya, safayarta kuma 'yar ƙarama ce ta lallaɓawa zuwa gari. Inci 16 kuwa ko a kasuwar ƙauye ka samu ta hannu. Haka jakar iskar da ke ɗaga wasu manyan jif a madadin sifirin, daɗi kamar me a kan kwalta, amma ranar da ta huje motar zama take a ƙasa, sifirin ƙarfe kuwa ko ya karye a ɗaure ka isa gida. Kuma ba kowace mota mai tsayi ce kat-kat ba, leƙa ka ga ko tana da ƙaramar giya ta laka da yashi, in babu to kar ka shiga baƙar ƙasar nan ta wajen Waza da ita bayan ruwa.

Ba wai tsohuwar ba ta da nata ba. Ƙarfin doki wajen 130 ne kawai ke jan wannan uban nauyi, in na ɗauki hawan dutsen nan na hanyar Ngaundare da kaya sai in koma giya ta biyu ina kallon ƙananan motoci suna wuce ni. Tana shan mai, birkinta bai kama ƙafar na waccan ba, in hatsari ne kuma, Allah ya kiyaye, na san wadda ta fi kare mutum, ba zan yi ƙarya ba. Ga tsada, tsohuwar mota amma kuɗinta ya ƙi sauka don kowa ita yake nema, har da ɓarayi. Bel ɗin cikin inji kuma, wanda ake canjawa wajen kilomita 100,000, ranar da ka saya ka canja shi kawai, kar ka yarda da lambar da ke tablo don mayar da ita baya ba wuya ba ne. Kar ka bari bakanike ya cire maka tamostat wai don ƙasarmu da zafi, kar a cika maka lagireto da ruwan rijiya, filtar iska kuma lokacin hunturu a riƙa duba ta a kai a kai. Kayan jabu su ne babban ciwon masu irin wannan mota, kwali iri ɗaya tambari iri ɗaya, filta ta gaske da ta ƙarya sai ka ɗauka a hannu ka ji nauyi, in an ce maka rabin kuɗi ne to araha ba ta ado.

Waccan 'yar Turan kuwa da ta tashi ban ƙara yarda na wuce Pitowa da ita ba, na sayar wa wani ma'aikaci a Yawunde da faɗuwa mai yawa, na kuma gaya masa duk abin da ya faru ban ɓoye komai ba. Gida zuwa ofis yake yi da ita, gidan mai ɗaya yake sha. Duk sallah sai ya kira ni, "Alhaji, Allah ya saka da alheri, motar nan ko tari ba ta taɓa yi ba," ni kuma in ce madalla, in kashe wayar in yi tsaki.