Kai Mutane Yankari a Dawo Rana Ɗaya

Ƙananan bas nake da su a garin Bauchi, kuma aikinmu kai mutane Yankari mu dawo da su kafin dare. Yawanci ɗalibai ne da malamansu, sai iyalai lokacin bukukuwan sallah, sai ma'aikatan da suka yi karo-karo don su huta.

Ana idar da sallar asuba muke tashi. Mu ɗauki hanyar Gombe, mu karya kwana a Dindima, mu nufi ƙofar shiga ta Mainamaji. Daga ƙofar kuma akwai tafiyar sama da kilomita 40 cikin daji kafin masaukin Wikki. Baƙi da yawa ba su san da wannan ba, suna ganin ƙofa sai su fara tattara jaka.

Duk mai kiran waya tambayarsa ta farko ita ce: "Alhaji, za mu ga giwa?" Ba na yi wa kowa alkawarin giwa. Dajin ya haura murabba'in kilomita 2,200, dabba kuwa ba ɗaure take ba. Da rani, in ciyawa ta bushe, namun daji kan gangaro kogin Gaji neman ruwa, sai a dace da ɓauna da gwanki, wani lokaci har garken giwaye. Da damina kuwa ciyawa ta rufe ko'ina, gara in faɗa wa mutum gaskiya tun kafin ya biya kuɗinsa.

Abin da nake iya ɗaukar alkawarinsa shi ne ruwan Wikki. Daga ƙarƙashin dutse yake ɓulɓulowa, garau, har kana hango farin yashin da ke ƙasa, kuma ɗuminsa na nan wajen digiri 31 ko da rani ko da hunturu. Lokacin sanyin hunturu, in yara suka shiga, sai an yi da gaske kafin su fito. Na sha ganin dattijon da ya ce shi kallo kawai ya zo yi, can sai ka gan shi ya naɗe wando.

A nan ne kuma nauyin aikin yake. Kusa da bakin dutsen ruwan ya sha kan mutum, can gaba ne yake da dama-dama. Kafin kowa ya sauka sai na tambayi wanda ya iya iyo da wanda bai iya ba, in tsayar da yarona ɗaya a tsaye yana ƙirga kawuna, ba ruwansa da waya. Iyaye sun ba ka amanar 'ya'yansu ne. Mata kuma mukan nema musu lokacinsu daban, maza su hau sama su yi sallah su ci abinci, don da yawa ba za su shiga ba in ba haka aka yi ba.

Sai gwaggon biri. Sun saba da mutane ƙwarai, in ka bar gilashin mota a buɗe ko ka riƙe leda a hannu, to ka yi sallama da abincinka. Kulolin shinkafa a cikin mota suke zama a kulle, kuma ina hana yara jefa musu komai.

Ana yin la'asar nake sa a hau mota, ko da ana roƙona a ƙara minti goma, domin ina so duhu ya same mu a kan babban titi, ba cikin daji ba.